Tambaya da Amsa: Wane Ne Toru Takemitsu, Kuma Me Ya Sa Kiɗansa Ya Cika Shiru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai sana'ar haɗa kiɗa a wani ƙaramin situdiyo a Gombe, inda muke buga wa mawaƙan biki fiyano. Kwanakin baya wani abokin aikina ya kunna mini wani kiɗa a YouTube mai suna November Steps, wanda aka ce wani ɗan Japan, Toru Takemitsu, ya tsara. Akwai mutum biyu a gaba, ɗaya yana kaɗa wani abu mai kama da garaya, ɗayan yana busa sarewa, ga tarin makaɗa da kayan kiɗan Turawa a bayansu. Na saurara har ƙarshe, amma ban ji waƙa ba, ban ji amshi ba, ban kuma ji bugun da za a taka ba. Su yi ƙara, su yi tsit. Wane ne wannan mutumin, me ya sa ake girmama shi, kuma akwai abin da mai sana'a irin tawa zai ƙaru da shi? (Daga wani mai karatu, Pantami, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu zo kan mutumin, ya kamata mu gyara ma'aunin da za mu auna shi da shi. A wurinmu mawaƙi shi yake ƙirƙirar waƙarsa, shi yake rera ta, kuma baitocin ne suke ɗauke da nauyin abin, kiɗa yana yi musu rakiya. Idan aka ambaci Mamman Shata, abin da ya faɗa ake fara tunawa, sa'an nan kalangu ya biyo baya. A al'adar da Takemitsu ya yi aiki a cikinta, wadda asalinta daga Turai yake, aikin a rabe yake: mutum guda ya zauna ya rubuta a takarda abin da kowane makaɗi zai kaɗa, da lokacin da zai shigo, da ƙarfin da zai sa, sa'an nan makaɗa, waɗanda sukan kai 80 ko fiye, su karanta su kaɗa a ƙarƙashin jagora ɗaya. Sau da yawa babu kalma ko guda a ciki. Takemitsu shi ne mai rubutun, ba ya cikin waɗanda ka gani a dandamali.

An haife shi a Tokyo ranar 8 ga Oktoba, 1930, amma ƙuruciyarsa ta fari a birnin Dalian na ƙasar Sin ya yi ta, inda mahaifinsa yake aiki. Yana da kimanin shekara 7 aka mayar da shi Japan domin ya shiga makaranta, ya zauna a gidan wata gwaggonsa mai koyar da koto, wato wani dogon abin kiɗa na gargajiya mai tsirkiya da yawa da ake shimfiɗewa a ƙasa. Lokacin kuwa ƙasar tana hannun sojoji, kuma yaƙi yana ƙara tsananta. A 1944, yana ɗan shekara 14, aka katse masa karatu aka kai shi aikin ƙarfi a wani sansanin soja cikin duwatsun Saitama. Gwamnati ta haramta kiɗan ƙasashen da take yaƙi da su, abin da yara suke ji kawai shi ne waƙoƙin zuga sojoji. A wannan sansanin ne wata rana wani hafsa ya tara yaran a ɓoye ya ɗora musu faifan garmaho na wata mawaƙiyar Faransa, Lucienne Boyer, yana amfani da tsinken gora da aka fere a madadin allura. Takemitsu ya sha faɗa daga baya cewa wannan sauraron ne ya fara karkata shi ga kiɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne mabuɗin fahimtar kiɗan da ka ji. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, saurayin ya juya wa kiɗan gargajiyar ƙasarsa baya gaba ɗaya, domin duk lokacin da ya ji shi sai ya tuna masa da mulkin soja da wahalar da ya sha. Ya yi aiki a wani sansanin sojojin Amurka, tarin fuka ya kama shi ya kwantar da shi tsawon lokaci, kuma a kwance ya riƙa sauraron rediyon sojojin Amurka yana shan kiɗan Turai. Bai je wata makarantar kiɗa ba. Ban da ɗan zaman da ya yi da wani malami, Yasuji Kiyose, daga 1948, da kunnensa ya koyi sana'ar, kuma masu tsara kiɗa na Faransa guda biyu, Debussy da Messiaen, su ne suka fi tasiri a kansa. Aikinsa na farko da aka kaɗa a bainar jama'a a 1950 bai samu karɓuwa ba, har wani fitaccen mai sharhi ya rubuta cewa bai ma kai a kira shi kiɗa ba. Ka ga ke nan ba kai ne na farko da ya saurare shi ya rasa inda zai kama ba.

A 1951 ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar matasa masu zane da rubutu da kiɗa da ake kira Jikken Kobo, inda ya fara wani aiki da ya yi kusa da naka: ɗaukar sauti a tef, a yanka, a liƙa, a sauya masa sauri. Wani aikinsa na 1960 da sautin ɗigon ruwa kaɗai aka gina shi. Sunansa kuwa ya fito ne ta dalilin wani kiɗan makoki da ya rubuta wa gogen Turawa manya da ƙanana a 1957, mai suna Requiem for Strings, domin tunawa da Fumio Hayasaka, mai tsara kiɗan fina-finai wanda tarin fuka ya kashe a 1955. Da Igor Stravinsky, ɗan asalin Rasha wanda a lokacin duniya take yi wa kallon babba a wannan fage, ya ziyarci Japan a 1959, an kunna masa wannan kiɗan a gidan rediyon NHK, ya nemi a bar shi har ƙarshe, ya kuma yabe shi a gaban 'yan jarida. Daga nan waɗanda suka raina yaron a gida suka sake kallonsa.

Komowarsa ga kiɗan gida ta zo ne ta hanyoyi biyu. Ta farko, ya je kallon bunraku, wasan 'yan tsana na gargajiya, sautin shamisen mai tsirkiya uku da ake raka wasan da shi ya girgiza shi. Ta biyu, hulɗarsa da wani Ba'amurke mai tsara kiɗa, John Cage, wanda shi kuma falsafar Japan ce ta ɗauke masa hankali; Takemitsu ya bayyana a fili cewa ta hanyar Cage ya gane darajar abin da ya gudo ya bari. Sai ya zauna ya nazarci biwa, wato abin da ka ce yana kama da garaya, wanda ake kaɗawa da wani faffaɗan katako mai kusurwa uku, da shakuhachi, sarewar gora mai huda 5 da tsawon kimanin santimita 54, wadda a da wasu sufayen addinin Buddha suke busawa a matsayin ibada.

A 1966 ya rubuta wa waɗannan biyun kaɗai wani kiɗa mai suna Eclipse. Seiji Ozawa, jagoran makaɗa ɗan Japan, ya ja hankalin Leonard Bernstein, jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic a lokacin, zuwa gare shi, kuma ta haka ƙungiyar ta nemi Takemitsu ya rubuta mata sabon aiki domin bikin cikarta shekara 125. Wannan shi ne November Steps, wanda aka fara kaɗawa a New York ranar 9 ga Nuwamba, 1967, Ozawa yana jagoranci, wata mace mai suna Kinshi Tsuruta tana kaɗa biwa, Katsuya Yokoyama yana busa shakuhachi. Tsawonsa kimanin minti 20 ne, an kasa shi mataki 11.

Yanzu ga abin da nake so ka koma ka saurara da kyau. Wanda aka ba irin wannan aiki, abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya ɗauki wani karin waƙa mai daɗi na gargajiya ya ba sarewa, ya sa gogen Turawa su shimfiɗa mata tabarma, kowa ya tafa ya tafi gida. Takemitsu ya fara da tunanin gauraya su, amma da ya zurfafa a aikin sai ya ga cewa gaurayawar za ta kashe abin da ya sa biwa ta zama biwa. Kayan kiɗan Turai an shafe ɗaruruwan shekaru ana gyara su domin su ba da murya tsabtatacciya wadda za ta dace da ta sauran, a kan matakan sauti 12 da ka sani a fiyanonka. Shakuhachi kuwa tana zamewa a tsakanin waɗannan matakan, kuma hucin iskar da ke fita daga bakin mai busa yana cikin kiɗan. Ita ma biwa da gangan ake gyara ta yadda tsirkiya za ta riƙa gogar katako tana zizar da Japanawa suke kira sawari. Saboda haka ya yanke shawarar ajiye ɓangarorin biyu fuska da fuska, kowane da halinsa. Shi ya sa za ka lura cewa ba kasafai suke kaɗawa tare ba: makaɗan Turai su taso kamar guguwa su lafa, sa'an nan biyun nan su karɓa, kuma kusa da ƙarshe akwai wani dogon wuri da aka bar musu fili su kaɗai, inda ko rubutun da ya yi musu ya bar musu 'yancin zaɓi mai yawa.

Wannan zizar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Wanda ya saurari kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san cewa sautin bai tsaya ga tsirkiyar nan guda ɗaya ba, akwai kacau-kacau ɗin ƙarfen da aka maƙala a wuyan kuntigin, kuma idan aka cire shi an rage wa kiɗan rai. Mu ma, kamar Japanawa, kakanninmu ba su ɗauki wannan a matsayin datti ba.

Shirun da ya dame ka kuwa ba hutu makaɗan suke yi ba. A kiɗan gargajiyar Japan sauti guda yana iya zama cikakke shi kaɗai, ana ba shi sarari ya tashi, ya yi rayuwarsa, ya mutu, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na gaba, wadda suke kira "ma" da harshensu, auna ta ake yi kamar yadda ake auna sautin. Takemitsu ya kan kwatanta kiɗansa da zagaya lambun Japan, inda mai tafiya yake ganin dutse ɗaya da bishiya ɗaya daga kusurwoyi daban-daban ba tare da an tilasta masa hanya ba. Idan ka saurara kana jiran inda za a kai ka, za ka gaji. Idan ka tsaya a kan kowane sauti kana bin yadda yake ƙarewa, za ka ji abin da ake nufi.

Game da ƙaruwarka, ba zan ba ka shawarar kwaikwayonsa ba, domin kiɗan Hausa a kan bugu da magana yake tsaye, kuma amarya ba za ta gode maka ba idan ka kawo mata shirun minti guda a tsakiyar fili. Abin da ya dace ka ɗauka shi ne tambayar da ya yi wa kansa. A yawancin waƙoƙin situdiyo da nake ji, idan an gayyato mai kalangu ko mai gurmi, sai a ɗaure shi a kan bugun inji wanda ba ya gaba ba ya baya, a gyara masa murya da kwamfuta har ta yi daidai da fiyano, a goge zizar, a ƙarshe ya zama ado kawai. Alhali kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa yake yi, kuma wannan hawa da saukar ba sa zama daram a kan matakan fiyano. Ka gwada ko sau ɗaya ka fara ɗaukar makaɗin gargajiyar shi kaɗai yadda ya saba, sa'an nan ka gina sauran a gefensa, ka kuma bar masa wurin da inji zai yi shiru.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, kuma na taɓa ganin sunan Takemitsu a rubuce a farkon wani tsohon fim na Japan. Shin mutum ɗaya ne da mai kiɗan manyan zauruka, kuma idan shi ne, ba zubar da daraja ba ne a wurinsu mutum irinsa ya yi kiɗan fim? (Daga wata mai karatu, Wunti, Bauchi)

AMSA: Barka kadai, Malama. Shi ne, kuma bai taɓa ɗaukar aikin fim ƙasƙanci ba. Ya yi wa fina-finai sama da 90 kiɗa, shi kansa kuma mayen kallo ne wanda yakan kalli ɗaruruwa a shekara. Fim ya ciyar da gidansa, ya kuma zame masa wurin gwaji, domin a can ya fara amfani da biwa tun kafin ya kai ta zauren kiɗa: a Harakiri na darakta Masaki Kobayashi a 1962, sa'an nan a Kwaidan na wannan daraktan a 1964, inda ya yi aiki da Kinshi Tsuruta ɗin da muka ambata a sama. A Kwaidan, wanda tarin labaran fatalwa ne, ya yi amfani da sautuka irin su ƙarar tsagewar itace da aka sarrafa a tef, kuma wani lokaci yakan jinkirta sautin ya zo bayan abin da ido ya gani, wanda hakan ya fi kowace irin kururuwa tayar da tsigar jiki. A shekarar ce kuma ya yi kiɗan Woman in the Dunes na Hiroshi Teshigahara.

Wanda ya fi shahara a waje shi ne Ran na darakta Akira Kurosawa, na 1985. A wurin babban yaƙin da aka yi a wata ganuwa, an cire duk ƙarar dawakai da ihun mayaƙa, aka bar kiɗan baƙin ciki mai tafiya a hankali a kan hotunan kisa, har sai da harbin bindiga guda ya katse shi sautin duniya ya dawo. Takemitsu da Kurosawa sun sami saɓani a kan aikin, domin Kurosawa yana son kiɗa mai nauyi irin na Baturen nan mai tsara kiɗa, Gustav Mahler, amma abin da ya fito yana cikin wuraren da ake koyar da ɗaliban fim da su. A ganina masu shirya fina-finanmu, waɗanda sukan shimfiɗa fiyano tun daga farkon fim har ƙarshensa ba numfashi, su ne suka fi kowa bukatar kallon wannan wurin, domin Takemitsu ya fi damuwa da inda zai cire kiɗa fiye da inda zai sa shi.

Idan kina son shiga ayyukansa na zaure, kada ki fara da November Steps. Ki fara da waƙoƙi 12 da ya sake tsara wa jita a 1977, waɗanda har da na ƙungiyar Beatles a ciki, sa'an nan Toward the Sea na 1981, wanda sarewa da jita ne kawai. Daga nan ki nemi In an Autumn Garden, wanda ya rubuta a 1973 ya faɗaɗa a 1979 domin makaɗan gagaku, kiɗan fadar sarkin Japan da ya haura shekara 1,000. A cikinsa akwai wani abin busa mai kaifin murya, hichiriki, wanda dangin algaitar da kike ji a hawan salla ne. Ayyukansa na shekarun ƙarshe sun fi laushi da daɗin saurare, har wasu masu sharhi suka zarge shi da maimaita kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, kodayake From me flows what you call Time, wanda ya rubuta a 1990 domin cikar zauren Carnegie na New York shekara 100, ya isa ya kare shi.

TAMBAYA: Malam, yana raye har yanzu? Kuma ɗan Nijeriya zai iya bin wannan hanya ta rubuta kiɗa? (Daga wani ɗalibi, Azare)

AMSA: Ya rasu a Tokyo ranar 20 ga Fabrairu, 1996, yana da shekara 65, sakamakon ciwon huhu da ya same shi yana jinyar ciwon daji na mafitsara. Ya bar matarsa Asaka, wadda ya aura a 1954, da 'yarsu guda. Shekara biyu kafin rasuwarsa ya karɓi lambar Grawemeyer ta Amurka, ɗaya daga cikin manyan lambobin wannan fage, kuma babban zauren kiɗa na Tokyo Opera City da aka buɗe a 1997 yana ɗauke da sunansa.

Hanyar kuwa ba a rufe take ba, kuma akwai 'yan Nijeriya da suka riga ka takawa. Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, ya rubuta wa gogen Turawa kiɗa da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma, Akin Euba kuma, wanda ya rasu a 2020, ya shafe rayuwarsa yana binciken yadda fiyano zai yi magana irin ta ganga. Abin da ba makawa sai ka koya shi ne karanta rubutun kiɗa da rubuta shi, da sanin iyakar kowane abin kiɗa; akwai sashen koyar da kiɗa a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, akwai kuma makarantar MUSON a Legas. Ka haɗa wannan da zama a gaban makaɗan garinku tun suna raye, domin abin da ke hannunsu ba ya cikin littafin kowace jami'a.

Akwai gasar tsara kiɗa da ake yi da sunan Takemitsu a Tokyo tun 1997, wadda take karɓar ayyukan da aka rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa daga kowace ƙasa. Tsarinta ya bambanta da na sauran gasa, domin babu kwamitin alƙalai: kowace shekara mutum ɗaya ake ba alƙalanci, shi kaɗai zai karanta ayyukan ya yanke hukunci, kuma Takemitsu da kansa ya zaɓi alƙalai uku na farko kafin ya rasu. Na farkonsu shi ne Henri Dutilleux, mai tsara kiɗa na Faransa. Na biyu, György Ligeti, ya duba ayyukan da aka aiko a 1998 ya ƙi ba kowa lambar.